Gasar Fantasi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Asalinta, Bunƙasarta da Yadda Ake Buga Ta

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu shiga gasar fantasi, musamman ta Firimiyar Ingila wadda aka fi sani da FPL. Na farko-farko sun shafi tarihi, na tsakiya ƙa'idojin wasa, na ƙarshe kuma batun kuɗi da doka.

Mece ce gasar fantasi?

Wasa ne da mutum ke zama kamar kocin ƙungiya. Zai zaɓi 'yan wasa na gaske daga ƙungiyoyi daban-daban ya haɗa tasa tawagar, a takarda ko a waya. Duk abin da waɗannan 'yan wasa suka yi a fili, kamar cin ƙwallo, ba wa wani ya ci, hana a ci su, ko karɓar kati, ana mayar da shi maki. Wanda tawagarsa ta fi tara maki shi ya yi nasara. Ba wasan kwamfuta ba ne irin wanda kake juya ɗan wasa da hannunka. Da zarar an hura usur ba ka da sauran iko, aikinka ya ƙare tun wajen zaɓe.

Wa ya ƙirƙiro ta, kuma yaushe?

Tushenta Amurka ne. Wani ɗan kasuwa a birnin Oakland na jihar Kalifoniya, Wilfred Winkenbach, wanda ke da ɗan hannun jari a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Oakland Raiders, ya fara gwada ta da wasan golf a ƙarshen shekarun 1950: kowa ya zaɓi 'yan wasansa, a ƙarshen gasa a haɗa sakamakonsu. A 1962, lokacin da Raiders ta je wasanni a gabashin ƙasar, shi da jami'in hulɗa da jama'a na ƙungiyar, Bill Tunnell, da ɗan jarida Scotty Stirling suka zauna a wani otal a New York suka tsara ƙa'idojin yin haka da ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita. An yi zaɓen 'yan wasa na farko a watan Agustan 1963 da tawaga 8, kuma George Blanda ne aka fara ɗauka.

Shekaru da dama abin bai fita daga cikin 'yan tsirarun abokai ba. Sai a 1969 ɗaya daga cikin waɗanda aka fara da su, Andy Mousalimas, ya buɗe wa abokan cinikinsa gasar a King's X, wani wurin shaƙatawa da yake da shi a Oakland. Daga nan ta riƙa yaɗuwa daga baki zuwa baki.

To me ya sa wasu ke cewa a 1980 aka fara?

Domin reshe biyu ne suka tashi daban. A 1960 William Gamson, masanin zamantakewa, ya kafa irin wannan gasa ta ƙwallon besbol da abokansa a Jami'ar Harvard, daga baya ya tafi da ita Jami'ar Michigan. Ta nan labarinta ya isa kunnen Daniel Okrent, marubuci kuma editan mujalla, wanda a 1980 ya rubuta cikakkun ƙa'idoji, ya tara abokansa a wani gidan abinci na New York mai suna La Rotisserie Française. Sunan gidan abincin ne ya bi tsarin har yau. Ana sayen 'yan wasa ta gwanjo, kuma adadin da aka daidaita a kai daga baya shi ne dala 260 don 'yan wasa 23.

Abin da ya sa reshen Okrent ya fi na Oakland suna shi ne yawancin abokan nasa ma'aikatan jaridu da mujallu ne. Da 'yan wasan besbol suka shiga yajin aiki a 1981, marubutan wasanni suka rasa abin cike shafi, sai suka koma rubutu a kan wannan sabon wasa. Don haka Winkenbach ne ya riga, amma ta hannun Okrent jama'a suka san abin.

Kafin intanet yaya ake lissafin maki?

Da hannu. Kowace gasa tana da mutum ɗaya da ke riƙe da littafi. Zai sayi jarida, ya buɗe shafin alƙaluman wasanni, ya bi sunan kowane ɗan wasa layi-layi da fensir da na'urar lissafi, ya haɗa makin kowace tawaga, ya buga a takarda, sannan ya aika wa kowa ta gidan waya ko faks. Mai son canza ɗan wasa sai ya kira shi a tarho kafin lokacin da aka yanka. Jaridar USA Today, wadda ta fara fitowa a 1982, ta samu masu saye da yawa saboda tana buga alƙaluman dalla-dalla.

Wannan wahalar ce ta taƙaita wasan. Gasa ba ta wuce mutum goma ko sha biyu, kuma ranar da mai littafi ya gaji, gasar ta mutu. Duk wani tsalle da fantasi ya yi a tarihinsa ya biyo bayan sauƙin da aka samu ne wajen lissafi: daga jarida zuwa kwamfuta, daga kwamfuta zuwa intanet, sannan wayar hannu.

Yaya aka yi ta shigo ƙwallon ƙafa?

Italiya ce ta fara. Wani ɗan jarida, Riccardo Albini, ya ga yadda Amurkawa ke yi, ya tsara nasa mai suna Fantacalcio a ƙarshen shekarun 1980, ya wallafa ƙa'idojinsa a 1990. Matsalar da ya fuskanta ita ce ƙwallon ƙafa ba ta da alƙaluma masu yawa kamar besbol; wasa na iya tashi babu ci, ɗan baya kuma ya yi bajinta ba tare da an rubuta masa komai ba. Sai ya jingina da makin da 'yan jaridar Italiya suka saba ba kowane ɗan wasa bayan an tashi, a ƙara masa 3 idan ya ci, a rage rabin maki idan ya sha katin gargaɗi. Jimillar tawaga ake mayarwa ƙwallaye: maki 66 ƙwallo ɗaya, 72 biyu, haka dai. Jaridar La Gazzetta dello Sport ta ɗauke shi a 1994, daga nan ya game ƙasar.

A Ingila Andrew Wainstein ne ya kafa kamfanin Fantasy League a 1991, bayan kusan shekara biyu kuma jaridar Daily Telegraph ta buɗe wa masu karatunta gasa, mutane dubban ɗaruruwa suka shiga ta wasiƙa da tarho. Turawan Ingila ba su bi hanyar ra'ayin 'yan jarida ba, sun tsaya kan abin da za a iya ƙirgawa: ci, taimakon ci, da hana ci. Hukumar Firimiya ta buɗe nata a kakar 2002/03 da mutane kusan 76,000. A kakar 2022/23 tawagogin da aka yi wa rajista sun haura miliyan 11. Wasu ƙasashen ma suna da nasu: Comunio a Jamus, Cartola FC a Brazil, Mon Petit Gazon a Faransa.

Me intanet ya canza, kuma mutum nawa ke bugawa yanzu?

Ya ɗauke wa mai littafi aikinsa, sannan ya kawar da kuɗin shiga. A tsakiyar shekarun 1990 shafuka irin su Commissioner.com suna lissafa wa gasa maki amma sai an biya. A 1999 Yahoo ta ba da nata kyauta, tana samun kuɗinta daga talla, sauran manyan kamfanoni kuma suka bi sahu a hankali. Ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka, wadda yanzu ake kira FSGA, ta ƙiyasta masu bugawa a Amurka da Kanada da kusan 500,000 a 1988, miliyan 15.2 a 2003, sannan miliyan 59.3 a 2017.

A yi hattara da irin waɗannan alƙaluma. Na FSGA ƙiyasi ne daga jin ra'ayin jama'a, kuma ƙungiya ce ta masu cin abinci da harkar. Na FPL kuma tawagogi ake ƙirgawa, ba mutane ba, kuma da yawa ana buɗe su a watan Agusta a watsar kafin Disamba.

Ba a buƙatar izini kafin a yi amfani da sunayen 'yan wasa?

An je kotu a kan haka. Wani kamfani na birnin St. Louis mai suna CBC ya yi shari'a da sashen intanet na hukumar besbol ta Amurka, wanda ya ce sunayen 'yan wasa da alƙalumansu sai da lasisi. Kotun tarayya ta ba CBC gaskiya a 2006, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2007, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a 2008. Hujjar ita ce sunan ɗan wasa da adadin abin da ya ci labari ne da kowa ke karantawa a jarida. Da hukuncin ya juya, da manyan kamfanoni biyu ko uku ne kawai za su mallaki harkar. Hukuncin na Amurka ne, kuma bai haɗa da tambarin ƙungiya, riga ko hoto ba. Shi ya sa za ka ga wasu manhajoji suna sa riga marar tambari.

Tsarin gasar iri nawa ne?

Ta fuskar samun 'yan wasa, iri uku ne. Akwai na kasafi, kamar FPL, inda kowa ke da kuɗi daidai da na kowa, kuma mutum miliyan na iya mallakar ɗan wasa ɗaya. Akwai na zaɓen bi-da-bi, wanda Amurkawa suka fi so: ɗan wasa ɗaya mai shi ɗaya, wanda ya zaɓa a ƙarshe a zagayen farko shi zai fara a na biyu don a yi adalci. Sai na gwanjo, irin na Okrent da na Italiya. FPL ma ta ƙara nata na bi-da-bi a kakar 2017/18.

Ta fuskar tantance gwani kuma, ko dai a tara maki daga farkon kaka zuwa ƙarshe, ko a riƙa haɗa mutum biyu kowane mako, wanda ya fi maki ya ɗauki 3, kunnen doki 1. Na biyun ya fi riƙe mutane, domin ko wanda ke ƙasan teburi yana da abokin karawa a wannan makon. Duba tambaya ta ƙarshe.

Yaya ake haɗa tawaga a FPL?

Ana ba ka fam miliyan 100 na wasa, ba kuɗin gaske ba, ka sayi 'yan wasa 15: gola 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3. Ba a ɗaukar fiye da 3 daga ƙungiya ɗaya. Kowane mako za ka fitar da 11, dole a cikinsu akwai gola ɗaya, 'yan baya aƙalla 3 da ɗan gaba aƙalla 1. Sauran 4 suna benci a jere. Idan wani cikin sha ɗayan bai taka fili ba, na'ura za ta sako na farko a benci wanda shigarsa ba ta karya tsarin. Za ka naɗa kyaftin, wanda ake ninka makinsa, da mataimaki wanda ke gadar ninkin idan kyaftin bai buga ko minti ɗaya ba.

Kuskuren sababbin shiga iri biyu ne. Wasu su zuba kuɗi a kan taurari huɗu ko biyar, su cike sauran gurabe da yaran da ba sa bugawa, ranar da aka ajiye tauraro ɗaya sai a tarar benci fanko. Wasu kuma su raba kuɗin daidai kan mutum 15, su bar fam miliyan 25 zaune a benci. Abin da ya fi shi ne a kashe kusan 82 zuwa 84 a kan sha ɗayan farko, benci ya zama mai araha amma mai bugawa.

Yaya ake ba da maki?

Wanda ya buga ƙasa da minti 60 yana da 1, wanda ya kai 60 yana da 2. Ƙwallo ɗaya maki 4 ce ga ɗan gaba, 5 ga ɗan tsakiya, 6 ga ɗan baya, kuma tun kakar 2024/25 ta zama 10 ga gola. Taimakon ci 3 ne ga kowa. Idan ba a ci ƙungiya ba, gola da 'yan baya da suka kai minti 60 suna samun 4, ɗan tsakiya 1. Gola na samun 1 a kan kowace ƙwallo uku da ya tare, da 5 idan ya tare fenariti. Ragi kuwa: katin gargaɗi 1, jan kati 3, ɓarar da fenariti 2, cin gida 2, sannan ana cire wa gola da ɗan baya 1 a kan kowace ƙwallo biyu da aka zura musu. Bayan haka mutum uku da suka fi taka rawa a kowane wasa, bisa wani lissafi na daban, suna samun ƙarin 3, 2 da 1.

Sharaɗin minti 60 na da ciwo. Ɗan bayan da aka cire a minti na 58 ana 1 da nema zai tashi da maki 1 tak. Wanda aka cire a minti na 65 kafin a ci ƙungiyarsa a minti na 80 ya riga ya tsira da 6. Haka kuma kyaftin da ya shigo a minti na 89 ya hana mataimakinsa gado, ya bar ka da maki 2.

Me ya sa wasu gwanayen 'yan wasa ba sa kawo maki?

Domin lissafin ya karkata ga ci. A kakar 2015/16 da Leicester ta ɗauki kofi, Riyad Mahrez da Jamie Vardy, waɗanda suka fara da farashin fam miliyan 5.5 da 6.0, sun cika wa mutane aljihu da maki, amma N'Golo Kanté, wanda kowa ya san shi ne ƙashin bayan ƙungiyar, ba a damu da sayensa ba. Haka Wilfred Ndidi ya kasance shekaru yana cikin waɗanda suka fi ƙwace ƙwallo a Firimiya ba tare da hakan ya amfani mai shi a fantasi ba. Sai a kakar 2025/26 aka gyara: ɗan bayan da ya haɗa aikin tsaro 10 a wasa ɗaya, wato sharewa, tarewa, tsinke ƙwallo da ƙwacewa, yana samun 2, ɗan tsakiya da ɗan gaba kuma sai sun kai 12, amma su ana ƙirga musu har da dawo da ƙwallo. Gyara ne da ya dace, ko da yake ya makara.

A ɗaya ɓangaren, wanda aka rubuta a gurbi ɗaya yana buga wani gurbin na gaba, riba ce. John Lundstram na Sheffield United a 2019/20 an sa shi ɗan baya mai farashin 4.0 alhali a tsakiya yake bugawa, yana cin makin hana ci da na ƙwallo shida-shida. Mohamed Salah, mai buga gaba amma a rubuce ɗan tsakiya, ya tara 303 a 2017/18, sannan ya karya tarihin kansa da 344 a 2024/25.

Yaya canjin 'yan wasa da farashi suke aiki?

Kowane mako kana da canji ɗaya kyauta. Idan ba ka yi amfani da shi ba yana taruwa, har zuwa 5 tun kakar 2024/25. Duk canjin da ya wuce na kyauta ana cire maka maki 4. Kafin ka yarda da wannan ragi, ka tambayi kanka ko sabon zai fi tsohon da sama da maki 4 a makonni biyu ko uku masu zuwa. Idan tsohon ya ji rauni ne kuma benci ba kowa, ragin na da hujja. Idan kuwa don wani ya ci biyu ne a makon jiya, yawanci asara ce, domin makin da ya wuce ba a sayar da shi.

Farashi na hawa ko sauka da 0.1 a dare, gwargwadon masu saye da masu sayarwa. Rabin riba kawai ake ba ka, kuma a zagaye ƙasa. Ka sayi ɗan wasa 7.0, ya kai 7.3, za ka sayar 7.1, sai ya kai 7.4 za ka samu 7.2. Idan ya faɗi kuwa, asarar duka taka ce. Mai gaggawar saye ranar Lahadi don gudun ƙarin 0.1 yana iya wayar gari Laraba ɗan wasan ya ji rauni a gasar Zakarun Turai. Jiran jawabin koci na ranar Alhamis ko Juma'a ya fi 0.1 daraja.

Mene ne amfanin Wildcard da sauran damarmakin musamman?

Wildcard na ba ka damar canza tawaga duka ba ragi, kuma canjin ya zauna. Free Hit, wanda ya zo a 2017/18, canji ne na mako ɗaya, bayan nan tsohuwar tawaga ta dawo. Bench Boost na sa a ƙirga makin benci, Triple Captain kuma na ninka makin kyaftin sau uku. Ɗaya kawai ake amfani da shi a mako.

Sun fi amfani a makonnin da jadawali ya karkace. Wasannin kofin FA da na ƙarshen kofin Carabao kan sa a ɗage wasu wasannin Firimiya, sai a samu makon da ƙungiyoyi da dama ba sa bugawa, daga baya kuma makon da suke buga biyu. Free Hit na makon fanko ne, Bench Boost da Triple Captain na makon wasa biyu. Adadinsu da wa'adinsu na canzawa. A 2025/26 an ba da kowanne sau biyu, ɗaya a kowane rabin kaka, wanda ba a taɓa ba a rabin farko ya ƙone. A karanta ƙa'idoji kowane watan Yuli.

Ƙarfe nawa ake rufe canji a agogonmu?

Minti 90 kafin wasan farko na makon. Inda ake samun ruɗani shi ne Birtaniya na juya agogo a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, mu kuwa ba ma juyawa. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi ɗaya yake da na Landan. A sauran watannin muna gaba da awa ɗaya. Wasan 12:30 na ranar Asabar ana rufe shi 11:00 a Landan, wato 11:00 a Kano a watan Satumba, 12:00 a watan Janairu. Ghana akasin haka ce: daidai take da Landan lokacin hunturu, tana baya da awa ɗaya lokacin bazararsu. Makonnin da ake fara wasa daren Juma'a ko Talata su suka fi kama mutane. Kar a bari sai mintunan ƙarshe, domin shafin kan cunkushe, ga kuma halin sabis.

Me ake yi lokacin gasar cin kofin Afirka?

Firimiya ba ta tsayawa dominta. Gasar da aka yi a Moroko daga 21 ga Disamba 2025 zuwa 18 ga Janairu 2026 ta faɗo a lokacin da wasannin Ingila suka fi yawa, kuma FPL ta cika wa kowa canjin kyauta zuwa 5 dab da farawa. Ƙa'idar da ta fi sauƙi: kar a shiga wannan lokaci da 'yan Afirka fiye da biyu ko uku waɗanda ƙasashensu suka samu gurbi, a tara canji tun makonni uku kafin nan, kuma a lura da illar ga ƙungiyar da aka bari. Fulham da ta rasa Alex Iwobi da Calvin Bassey lokaci guda ba Fulham ɗin da aka saba ba ce, ko da ɗan wasanka na can Bature ne. Mai tsada irin Salah ba a ajiye shi a benci wata guda. A sayar, a tanadi hanyar dawo da shi.

Fantasi ya canza yadda ake kallon ƙwallo?

Ƙwarai. A gidan kallon ƙwallo za ka ga mai rigar Manchester United ya miƙe tsaye don ɗan Liverpool ya ci, saboda shi ne kyaftinsa, wani kuma ya nemi a juya masa talabijin ɗaya zuwa wasan Brentford da Bournemouth wanda da ba mai kulawa da shi. Wannan ne dalilin da ya sa Firimiya ke ba da wasan kyauta. A Amurka tashar NFL RedZone, wadda aka buɗe a 2009 tana tsalle daga fili zuwa fili duk inda ake dab da ci, ta samu karɓuwa sosai wurin masu fantasi.

Har cikin ɗakin sauya kaya abin ya shiga. A Fabrairun 2021 labarin raunin Jack Grealish ya fita kafin Aston Villa ta sanar, domin an lura wasu 'yan ƙungiyar sun cire shi daga tawagoginsu na FPL. Abin da ba shi da kyau shi ne zagin da wasu ke aika wa 'yan wasa a shafukan sada zumunta don sun ɓarar da fenariti. Mai fantasi ba ya bin ɗan wasa bashin komai.

Mene ne fantasi na kullum, kuma me ya bambanta shi da na kaka?

Shi ne wanda ake biyan kuɗin shiga, a haɗa tawaga ta rana ɗaya ko mako ɗaya, a raba kuɗi da an tashi. Ya samu ƙofa ne daga dokar Amurka ta 2006 da ta hana bankuna tura kuɗi zuwa shafukan caca amma ta keɓe fantasi, bisa sharaɗin a san kyautar tun kafin a fara, sakamako ya dogara da alƙaluman 'yan wasa da yawa a wasanni fiye da ɗaya, ba sakamakon ƙungiya ɗaya ko ɗan wasa ɗaya ba. Gasar kaka ta abokai ce a ran masu dokar. Kamfanonin FanDuel a 2009 da DraftKings a 2012 suka gina kasuwar kullum a kan wannan keɓewa, suna yankar kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin shiga.

A 2015 abin ya fashe. A watan Oktoba aka gano wani ma'aikacin DraftKings ya ci dala 350,000 a FanDuel a makon da ya saki wasu bayanan cikin gida bisa kuskure. Binciken da kamfanin ya sa aka yi ya wanke shi, amma jihar Nevada ta ce harkar caca ce sai da lasisi, babban lauyan jihar New York kuma ya umarce su su dakata a watan Nuwamba. Wani nazari na ma'aikatan kamfanin ba da shawara na McKinsey ya nuna cewa a rabin farko na kakar besbol ta 2015, kashi 1.3 na masu bugawa ne suka kwashe kashi 91 na ribar. Da Kotun Ƙolin Amurka ta soke haramcin cacar wasanni a Mayun 2018, kamfanonin biyu suka zama manyan gidajen caca a fili.

Me ya faru a Indiya?

A can kurket ne ya ɗauki harkar. Harsh Jain da Bhavit Sheth sun kafa kamfanin fantasi na Dream11 a 2008. A 2017 babbar kotun Punjab da Haryana ta ce wasan ƙwarewa ne, ba caca ba, kamfanin ya bunƙasa har ya ɗauki nauyin gasar kurket ta IPL a 2020, sunansa ya hau rigar tawagar ƙasar a 2023. A Oktoban 2023 gwamnati ta ɗora harajin kashi 28 a kan kuɗin da ake zubawa, a Agustan 2025 kuma majalisa ta haramta duk wasan intanet na kuɗi, na ƙwarewa ne ko na sa'a. Dream11 ta rufe gasanninta na kuɗi cikin kwanaki.

To fantasi caca ce?

Ya danganta da wanne. FPL kyauta ake shiga, ba wanda ke rasa ko sisi, kyaututtukan kuma daga masu shirya gasar suke fitowa. Na kullum da aka bayyana a sama, inda kuɗin waɗanda suka faɗi ne ke zama ribar wanda ya ci, siffar caca ce, ko da akwai ƙwarewa a ciki. Wanda ya fi shafarmu shi ne na tsakiya: abokai a zauren WhatsApp kowa ya zuba dubu biyu, gwanin wata ya kwashe. Manhajar kyauta ce, amma wannan karo-karon ya mayar da ita sa kuɗi a kan abin da ba a san ƙarshensa ba, kuma haramcin caca a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida sananne ne. Mai shakka ya kai wa malami siffar abin yadda take, ba sunansa kawai ba. Ta fuskar doka, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke a Nuwamban 2024 cewa kula da caca hurumin jihohi ne, kuma a Kano Hisbah na rufe shagunan cacar ƙwallo.

Ƙwarewa ce ko sa'a?

A mako ɗaya sa'a ta fi yawa. A makonni 38 ƙwarewa na bayyana. Masu bincike a Jami'ar Limerick ta Ireland sun wallafa nazari a 2021 da ya nuna waɗanda suka yi kyau a kakannin baya su ne dai ke sake yin kyau, kuma sun fi saura tsara canji da amfani da damarmakin musamman. Magnus Carlsen, zakaran wasan dara na chess na duniya a lokacin, ya hau saman teburin FPL na duniya a Disamban 2019. Amma zama na ɗaya cikin miliyoyi sai sa'a ta taimaka, shi ya sa zakara ke canzawa kowace shekara, daga ƙasashe daban-daban. Na kakar 2017/18 ɗan Tanzaniya ne.

Yaya ake kafa gasar abokai da za ta kai ƙarshen kaka?

Mutum ɗaya ya buɗe gasa a manhajar, ya zaɓi ta tara maki ko ta karawar mako-mako, ya tura wa sauran lambar shiga. Kafin wasan farko a rubuta abu huɗu a zaure: makon da za a fara ƙirga, ranar da za a rufe ƙofa, tawaga ɗaya ga mutum ɗaya, da yadda za a raba gardama idan maki ya zo ɗaya. A tsarin FPL wanda ya fi ƙarancin canji ne ke gaba. Rufe ƙofa na da muhimmanci, domin idan lambar ta yi yawo, baƙo mai tarin maki na iya faɗowa a tsakiyar kaka.

Abin da ya fi kashe irin wannan gasa shi ne tazara. Idan na ɗaya ya ba na goma maki 150 kafin Disamba, rabin mutane za su daina buɗe manhajar. Maganinsa a gudanar da gasa biyu tare, ta tara maki da ta karawa, a riƙa fitar da gwanin kowane wata, sannan a ƙara gasar sili-ɗaya-ƙwale a makonnin ƙarshe. A gasar karawa a sa adadin mutane ya zama mai rabuwa biyu, in ba haka ba na'ura za ta cike gurbin da tawagar da ke ɗaukar matsakaicin makin mako. Mutum 12 zuwa 20 da suka san juna sun fi 200 da ba su taɓa gaisawa ba, domin a ƙaramin zaure ne ake lura idan wani ya bar ɗan wasa mai rauni a matsayin kyaftin mako uku a jere, a kira shi a waya.